Masu Kula da Tsofaffin Takardu

A Tsamaye da Sabon Birni da Isa, ba a rasa gidan da ake cewa kakan wane ya tafi bai dawo ba. Wani ya tsallaka Tsibiri gudun haraji bayan Turawa sun raba Gobir biyu, wani aka kai shi gidan yarin En'e a Sakkwato, daga nan labari ya yanke. Mai neman irin wannan kaka shi ya san darajar ma'aikatan gidan adana takardun tarihi na Kaduna da na Cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, masu kaɗe ƙura, masu yaƙi da gara, masu lallaɓa takardar da ta yi ja har tana neman marmashewa a hannu.

Za a ce ai takardun masu mulki ne, sun murɗe sunaye, ƙidayar 1931 ma yawancinta ƙiyasi ne daga lissafin haraji. Haka ne. Amma littafin alƙali da na yari sukan kawo suna da gari da shekara. In an gwada su da abin da tsofaffi suka riƙe a ka, sai a gane wane kakan ake nufi, jikokinsa su san inda ya ƙare.