Samosar Biki Da Abin Da Indiyawa Ke Ci In Ruwa Ya Sauko

Yanzu babu bikin da za a yi a nan Agege ba a raba samosa ba. A ɗan kwali ake ba ka ita, da fanke da tsokar kaza guda. An soya tun da hantsi, kai kuma sai bayan La'asar za ta iso hannunka, ta yi laushi, mai ya kwanta a jikinta. In ka yi magana a ce ai abincin Indiya ne. Mu da muka tashi da finafinan Indiya tun zamanin Dharmendra da Hema Malini, ya kamata a ce mun fi haka sanin abin da muke kwaikwayo.

A Indiya damina na kamawa daga Kerala a farkon Yuni, ta haura Mumbai, ta kai Delhi wajen ƙarshen wata, ta zarce har Satumba, bayan zafin da ke wuce digiri 40 a wurare da yawa. Da an fara yayyafi sai a ɗora kasko. Abin da aka fi nema shi ne pakora: a yanka albasa siriri, ko dankalin turawa ko alayyafo, a juya cikin ƙullin besan, wato garin wani wake da Larabawa ke yin hummus da shi, a sa ɗanyen barkono, a tsoma a mai. Mutanen Mumbai na kiran ta albasa kanda bhaji. Ɗan'uwan ƙosai ne, sai dai ƙullin ɗan kaɗan ne, albasar ce uwa. Kuma daga kasko sai baki. Pakoran da ya yi minti ashirin a faranti ya tashi daga aiki, kamar dai ƙosan jiya.

Nan ne muka yi kuskure da samosa. Tasu babba ce, ɓawonta mai kauri da garas-garas, cikinta dankali da koren wake, a dangwala da miyar tsamiya ko ta na'ana'a. Tamu ƴar mitsitsiya, nikakken nama cokali ɗaya, sauran iska. Ba naman nake zargi ba. Tun ƙarni na 14 Ibn Battuta ya ci mai nama a fadar Sultan Muhammad bin Tughluq a Delhi, lokacin dankali bai ma shigo Indiya ba. Sanyin nake zargi, da man da ake ta maimaitawa har ya koma baƙi. Nama ne a ciki fa, ya yini a rufe cikin wannan danshi na Legas, sannan a ba yara.

Shayinsu kuwa na sara masa. Ganyen shayi da madara da sukari duk a tukunya ɗaya ake tafasawa, a daka ɗanyar citta a zuba, wasu su ƙara kanumfari da girfa. Ƙaramin kofi ake ba ka, ka kurɓa sau huɗu ka gama. Masu shayinmu suna da citta da kanumfari a teburinsu, amma an saba da zuba madarar gwangwani a ƙaton kofi a tsiyaya ruwan zafi a kai. Da wani zai gwada dafa su tare a irin safiyar nan ta Yuli, wallahi da ya kwashe cinikin layin. Gasasshiyar masara ma, bhutta suke ce mata, suna goga mata lemun tsami da aka dangwala a gishiri da barkono. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, ga masara nan a kowane gefen titi, mu kwakwa kaɗai muka sani.

Amma wanda ya fi duk waɗannan, fim ba ya cika nuna shi, don ba shi da kyan gani. Khichdi ke nan. Shinkafa ce da ɓarzajjen wake na mung, a dafa da kurkum da citta har su narke kamar fate, a kwarara man shanu a kai. Shi ake ba marar lafiya, shi ake fara ba yaro. A Bengal khichuri suke cewa, ranar da aka wayi gari da marka sai a haɗa shi da soyayyen gauta ko kifin ilish. Dalilin a fili yake: in ruwa ya tare hanyar kasuwa, shinkafa da wake suna nan a gida, tukunya ɗaya ce, kuma komai ya dahu lugub a lokacin da ciwon ciki ke yawo. Wanda ya tuna ambaliyar Mumbai ta 26 ga Yuli, 2005, da ruwan milimita 944 ya sauka a yini guda, ya san daminar can ba rawa cikin ruwa ba ce kawai.

To mu da kwata ke cika ta shigo mana har tsakar gida, wannan ya dace mu ara. Ana samun waken mung da besan a shagunan Indiyawa da ke Ilupeju, tafiyar mota ce ba mai nisa ba. In babu, a surfa farin wakenmu a ɓarza, sai dai a fara ɗora shi kafin a zuba shinkafar, don ya fi nasu jimawa a wuta.