Furar Madarumfa Ta Wane Ne?

A shekarar 2023, hukumar OAPI, wadda ke rajistar haƙƙin mallaka ga ƙasashen Afirka 17, ta damƙa wa Nijar takardar shaida kan kilishi da albasar Galmi. Mahautan Madawa da Gidan Rumji da Tasawa sun cancanci wannan kariya, don sun daɗe suna shan rana wani na cin riba da sunansu. Sai dai Nijeriya ba ta cikin OAPI, kuma mahaucin Katsina da ya gaji yanka da shanya kaka da kakanni ba aron sana'ar ya yi ba. In kilishi, da ake naɗewa a takarda a kai birni, ya karɓi tambarin ƙasa, to ina makomar abincin tsakar gida, wanda ba ya zuwa kanti?

Madarumfa ta dace da wannan tambaya. Tana kudu da Maraɗi, bakin tafkin nan da kaburburan waliyyai 99 suka kewaye, kuma daga Ɗan Isa zuwa Jibiya ba wata tafiya ba ce. Akasarin mutanen yankin Katsinawa ne. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi wajen 1807, gidan sarautar da aka tumɓuke ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajen 1819. Jama'a sun biyo su da turmi da taɓarya da irin gero. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a yarjejeniyoyin 1904 da 1906 ta tarar da tukunya a kan murhu. Gulbin Maraɗi ma bai san da ita ba: daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa nan, ya koma Nijeriya ya haɗu da Rima.

A ƙauyukan Gabi da Safo da Sarkin Yamma, fura ba abin marmari ba ce kamar yadda ta zama a manyan birane. Ita ce kalaci, ita ce ta rana, ita ake kai wa manomi gona, tuwo kuwa sai dare. Aikinta ba ƙarami ba ne. A surfa gero, a wanke, a tsane, a daka da citta da kanumfari da masoro, a cura, a dafa, a mayar turmi a kirɓa da zafinta, sannan a dunƙula a barbaɗe da gari. Duk da wannan wahala, ba ta cika ba sai Bafulatana ta sauke ƙwarya a ƙofar gida. Geron na manomi ne, nonon na makiyayi. A da, sau da yawa ko kuɗi ba sa shiga tsakani: a auna hatsi a ba da, a karɓi nono. Wanda ya ce fura ta Hausawa ce kaɗai ya manta da rugar da ke bayan gari. Wanda ya ce ta Fulani ce kaɗai bai tsaya kusa da turmi ba. Zabarmawa suna da tasu, Buzaye suna dama tasu da dabino da cuku, kuma 'yan zango sun kai ta har Kumasi da Ankara.

Gero dai namu ne tun asali. Masu haƙar tarihi sun sami alamun nomansa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, na kimanin shekaru 4,500. Kwaɗon zogale ne ke rikita mai neman asali. Babu abin da ɗan Maraɗi ke kewa a baƙon wuri kamar kwaɗo ko dambu da zogale, wanda ake nomawa a fadamun Jiratawa ana lodin buhunansa zuwa Yamai. Amma bishiyar daga ƙasar Indiya ta fito. Gyaɗar da ake ƙuli-ƙuli da ita daga Kudancin Amurka ta zo, haka barkono, kuma su biyun ba su iso Afirka ba sai bayan shekarar 1500. Gyaɗa ma ba ta mamaye gonakin Maraɗi ba sai zamanin Turawa, lokacin da aka mai da ita amfanin biyan haraji da fitarwa waje, kafin farin shekarun 1970 ya karya kasuwarta. Mata ne suka ɗauki abin da ya rage bayan an matse mai, suka soya, suka daka, suka haɗa da ganye da albasa. Wannan haɗin ba a Indiya aka yi shi ba, ba kuma a Amurka ba.

A nan nake ganin masu jayayyar asali suke kuskure. Suna bin sawun iri, alhali abin dubawa shi ne hannun da ya sarrafa, da kuma wanda ya dogara da abincin ranar da babu. A yunwar 2005, wadda ta yi tsanani a jihar Maraɗi, fura ta koma farau-farau a gidaje da yawa, zogale da tafasa da anza suka riƙe yara. Matar da ta jiƙa anza kwana da kwanaki don ta cire ɗacinta ta biya kuɗin mallakar wannan ilimi fiye da kowace takarda.

Ba wai Bahaushe bai san mallakar abinci ba. Ya sani, amma da gari da gado yake aunawa. Kilishi yana da masu shi: mahauta, da Sarkin Fawa a kansu, ɗa ya koya wurin uba. Shi ya sa ya yi sauƙin rajista, akwai ƙungiya, akwai wanda zai sa hannu. Fura da kwaɗo da dambu kuwa uwa ce ke koya wa 'ya, 'yar kuma aure ya kai ta Jibiya ko Batsari ta tafi da hannun gidansu. Ba su da sarki, ba su da ofis. Abin da nake tsoro shi ne ranar da wani kamfani zai busar da fura ya zuba a gwangwani ya yi rajistar suna, masu kirɓa ba su ji ba.

Akwai hanyar da wasu suka bi. A 2020, Aljeriya da Maroko da Tunisiya da Muritaniya sun shigar da kuskus cikin kundin al'adun UNESCO tare, duk da tsamin da ke tsakanin Aljeriya da Maroko. Nijar da Nijeriya za su iya yin haka da fura, su ambaci Fulani da Hausawa da Zabarmawa da Buzaye a takarda guda. In kuma kasuwa ake so a kare, a sa sunan gari: zogalen Jiratawa, kilishin Madawa, kamar yadda albasa ta tafi da sunan Galmi. Rajistar kuma ta kasance a hannun ƙungiyoyin matan da ke noman ganyen, suna dafawa, suna shanyawa.