Tsakanin Guɗa da Gyara: Sharhi a Kan Matsayin Ra'ayin Masu Sauraro a Ayyukan Ɗaliban Sadarwa

Gabatarwa

A unguwar Maitama ta birnin Abuja akwai wani titi mai suna Aguiyi Ironsi. A bakin wannan titi ne hedkwatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, take zaune, kuma a nan ne dai ake samun hedkwatar Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC. Ta farko ita ke tsara abin da za a koya wa ɗalibi a jami'a. Ta biyu kuwa ita ke kula da layukan wayar da aikin ɗalibin zai bi kafin ya isa kunnen jama'a. Ɗalibin da ke haɗa shirin rediyo a Kano, ko ɗan gajeren fim a Sakkwato, wataƙila bai taɓa taka wannan titi ba, amma abin da ake yankewa a can yana biye da shi har cikin aji.

Wannan maƙala za ta dubi wata ɗabi'a da ke yaɗuwa a darussan aikin jarida da rediyo da fim, inda ake umartar ɗalibi ya ɗora aikinsa a intanet, ya tattaro ra'ayin masu kallo ko masu sauraro, sa'annan ya haɗa da aikin ya miƙa wa malami. Muna ganin tunanin yana da kyau. Abin da muke tsoro shi ne yadda ake auna ra'ayin, domin sau da yawa abin da ɗalibi ke kawowa ƙidayar masu tafi ce, alhali kuwa abin da zai ƙaru da shi yana bakin masu gyara.

Daga Maitama Zuwa Aji

A shekarar 2020 Hukumar NUC ta ba da sanarwar rarraba digirin Sadarwa, wanda a da yake dunƙule wuri ɗaya, zuwa fannoni bakwai. Daga cikinsu akwai aikin jarida, da watsa shirye-shiryen rediyo da talabijin, da harkar fim, da tallace-tallace, da hulɗa da jama'a, da kuma sadarwa domin raya ƙasa. A watan Disamba na 2022 aka ƙaddamar da sabuwar manhajar jami'o'i da ake kira CCMAS, wadda ta tanadi cewa hukumar za ta tsara kashi 70 cikin ɗari na abin da za a koyar, kowace jami'a kuma ta cike sauran kashi 30 gwargwadon buƙatun muhallinta. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta soki wannan rabo a 2023, tana mai cewa an shiga hurumin majalisun jami'o'i. Ba mu da niyyar shiga wannan muhawara a nan. Abin da ya shafe mu shi ne, ko ta ina aka duba, yadda za a ba aikin ɗalibi maki magana ce da ke hannun sashe da malamin aji, saboda haka a nan ne gyara zai fara.

Ta fuskar kayan aiki ma lamarin ya sauya ƙwarai. Kafin zuwan wayar salula a 2001, ɗalibin da ya haɗa shirin rediyo ba shi da mai sauraro sai malaminsa, kaset ɗin kuma a durowa yake ƙarewa. Daga baya jami'o'i suka samu gidajen rediyonsu, kamar UNILAG FM a Legas da BUK FM a Jami'ar Bayero ta Kano. Yau kuwa wayar da ke aljihun ɗalibi ita ce na'urar ɗaukar hoto, ita ce ta naɗar murya, ita ce ta tace aiki, kuma ita ce gidan watsawa. Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tambayar ita ce, wace irin rawa za a taka?

Mai Sauraro a Al'adar Bahaushe

Kada mu ɗauka cewa da intanet aka fara jin ta bakin mai sauraro. Mai tatsuniya ba ta ɗorawa sai yara sun ba ta izini, kuma idan ta tsallake wani wuri nan take za su ce ba haka take ba. Makaɗi irin su Alhaji Mamman Shata yana waƙa yana duban fuskokin mahalarta, ya san inda zai tsawaita da inda zai taƙaita. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Malam Abubakar Imam a matsayin editan Hausa, ta ba wasiƙun masu karatu muhimmanci tun farkon tafiyarta. Haka shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna da Amsoshin Takardunku na Sashen Hausa na BBC, dukkansu da alƙalamin mai sauraro suka rayu. Marubutan adabin kasuwar Kano na shekarun 1990 su ma sukan sa adireshinsu a littafi, su karɓi wasiƙu kafin fitowar kashi na biyu.

Idan muka lura da kyau, za mu ga cewa a dandalin Bahaushe martanin jama'a iri uku ne. Akwai guɗa, wadda ke nuna jin daɗi kawai, ba ta faɗin dalili. Akwai amshi, inda ake maimaita abin da jagora ya faɗa domin a ƙara masa armashi. Sa'annan akwai gyara, inda wani zai ja mai fasaha gefe ya ce masa nan ka yi tuntuɓe, ko kuwa sunan kakan wane ba haka yake ba. Kowanne yana da amfaninsa, amma ba a taɓa jin makaɗin da ya gwanance da guɗa kaɗai ba. Wannan rabe-rabe shi ne ma'aunin da za mu yi amfani da shi.

Abin da Muka Gani

Mun samu damar duba wasu ayyukan ɗalibai a wata jami'a, za mu kuma ɗauki biyu daga ciki. Na farko ɗan gajeren bidiyo ne na barkwanci a kan ɗalibin da ya makara zuwa jarrabawa. Hoton ya fito tas, 'yan wasan sun iya, amma labarin an sha ganin irinsa. Rahoton da ya biyo shi shafuka ne cike da hotunan fuskar waya, masu nuna yawan waɗanda suka kalla da waɗanda suka danna alamar so. Sharhin da ke ƙarƙashinsa bai wuce masha Allah da Allah ya ƙara basira ba. Da muka bi sunayen, sai muka tarar galibinsu 'yan ajinsu ne. Wannan biki ne irin na mata, ka yi mini yau in yi maka gobe.

Na biyu shirin murya ne da wata ɗaliba ta yi a kan 'yan garuwa a unguwar da ɗalibai ke haya. Masu saurarensa ba su da yawa. Sai dai ɗalibar ta koma bakin rijiyar burtsatsen da ta yi hirar, ta kunna wa masu sana'ar shirin a wayarta. Ɗaya daga cikinsu ya ce mata ta faɗi kuɗin jarka, amma ba ta faɗi abin da suke biyan mai rijiya da mai kura kowace rana ba, don haka mai sauraro zai zaci duk kuɗin aljihunsu yake shiga. Ta sake fita, ta yi tambaya, ta gyara shirin, ta kuma rubuta yadda abin ya faru. A ganinmu wannan ɗaliba ta koyi aikin jarida a wannan yini fiye da abin da za ta koya a zango guda. Abin takaici, aikin farko ne ya fi samun maki a ɓangaren ra'ayin jama'a, saboda takardar ba da maki yawa ta tambaya.

Me Lambobin Ke Aunawa?

Ya kamata malami da ɗalibi su san yadda waɗannan lambobi ke samuwa. Kamfanonin da suka mallaki Facebook da YouTube da TikTok da talla suke cin abinci, saboda haka injinansu na zaɓe suna tura wa mutane abin da zai riƙe su a kan waya. Abin dariya da abin fushi da abin al'ajabi su ke gudu. Bayani mai natsuwa a kan taki ko rigakafi tafiyar hawainiya yake yi. An daɗe Facebook na lissafa daƙiƙa uku a matsayin kallo. YouTube kuwa a 2018 ta gindaya sharaɗin mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 kafin mai tasha ya fara samun kuɗin talla. Waɗannan ma'aunai ne na kasuwa, an ƙirƙire su domin mai talla ya san inda zai zuba kuɗinsa. Idan jami'a ta aro su ta mai da su ma'aunin ilimi, to ta miƙa jan biron malami ga wani inji da ke Amurka ko Sin, wanda bai san darasin ba, bai kuma san ɗalibin ba.

Bugu da ƙari, akwai maganar adalci. Ɗalibin da ya shigo jami'a da dubban mabiya ya riga ya ci rabin makin tun kafin ya kunna kyamara. Wanda ke da hali yana iya biyan kuɗi a tallata masa aikinsa. A watan Janairu na 2025 Hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, kuma wannan ƙari ya hau kan mai ɗorawa da mai saukewa baki ɗaya. Haka nan ba mu manta ba cewa a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a Jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato. Ɗalibin da ya yi shiri domin mutanen Shinkafi ko Zurmi a wannan lokaci, sifiri zai samu ke nan?

Wannan ya kai mu ga babbar matsalar. Bahaushen da ya fi buƙatar shirin ɗalibanmu, wato manomi da matar aure a ƙauye da dattijon da ke rungume da rediyonsa, shi ne ya fi ƙarancin rubuta sharhi a intanet. Da yawa suna amfani da WhatsApp, amma da saƙon murya, kuma saƙon murya ba ya fitowa a hoton fuskar waya. Idan aka saba wa ɗalibi da cewa mai sauraro shi ne mai rubutu a ƙarƙashin bidiyo, sannu a hankali zai karkata harshensa da jigonsa zuwa ga matasan birni masu ingausa, ya bar masu Hausar da ya zo jami'a domin ya yi musu aiki.

Akwai kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba. Aikin aji wuri ne na yin kuskure, intanet kuwa ba ta mantuwa. Ɗaliba mace da aka tilasta wa fitar da fuskarta tana iya haɗuwa da zagi da cin mutunci, wani lokaci har maganar ta kai gida. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa kwaskwarima a 2024, ba ta ware aikin makaranta ba. A 2022 wata kotu a Kano ta hukunta wasu matasa biyu saboda bidiyon barkwanci da suka ɗora a TikTok a kan gwamnan jihar na lokacin. Malamin da ya ce a ɗora, wajibi ne ya fara karantawa kafin duniya ta karanta.

Ina Mafita?

Ba muna kira a koma zamanin kaset a durowa ba ne. Shawararmu ta farko ita ce a cire yawan masu kallo daga takardar ba da maki ɗungurungum. A madadinsa, ɗalibi ya faɗi tun farko su wa yake nufi da aikinsa, ya kuma nuna shaidar cewa ya kai musu. Mutum goma da abin ya shafa sun fi dubu da suka wuce ta kai.

Ta biyu, a riƙa karɓar aiki sau biyu, wato zubin farko da zubin da aka gyara, tare da ɗan rahoton da ke bayyana abin da masu sauraro suka ce, da wanda aka karɓa, da wanda aka ƙi, da dalilin ƙin. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin ba kowane gyara ne daidai ba. Ɗan jaridar da ke sauya gaskiya don masu sauraro sun yi fushi ya bar aikin jarida. Marubutan littattafan Hausa na intanet, masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, sun san wannan jarrabawa: masu karatu kan matsa a kashe kishiya ko a mayar da aure, marubuciyar da ta biye wa kowa kuma labarinta kan watse a hannunta.

Ta uku, a amince da saƙon murya da zaman sauraro a majalisa ko tsakar gida a matsayin shaida, a kuma bar ɗalibi ya kawo su da Hausar da aka faɗe su. A nan ne sassan Hausa ke da rawar takawa a cikin kashi 30 ɗin nan da aka bar wa jami'o'i, domin su ke da masaniyar karin harshe da habaici da zambo. Mai sauraron da ya ce wa ɗalibi lallai ka yi ƙoƙari, wataƙila yabo yake yi, wataƙila kuma gatse ne, inji kuwa duk yabo zai lissafa. Ta huɗu, a ba ɗalibi zaɓin watsa aikinsa a taƙaitaccen zaure ko a rediyon jami'a, ba tare da an rage masa maki ba.

Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa jin ta bakin mai sauraro tsohuwar al'ada ce a wurin Bahaushe, kuma fasahar zamani ta sauƙaƙa ta, amma ta fi sauƙaƙa guɗa da amshi a kan gyara. Hukumomin da ke Maitama sun tsara manhaja, sun kuma shimfiɗa layuka. Abin da ya rage yana hannun malamin da ke rubuta takardar ba da maki da ɗalibin da ke riƙe da waya. Ga 'yan'uwanmu ɗalibai, waɗanda ayyukansu suka cika wannan mujalla, muna cewa idan an yi muku guɗa ku gode, amma ku nemi wanda zai nuna muku inda kuka yi tuntuɓe, ku zauna ku saurare shi har ya gama. Gyara kayanka dai bai taɓa zama sauke mu raba ba.