Gyara Ko Shafe Tarihi: Tarken Yadda Aka Farfaɗo Da Gidajen Zamani Na Farko A Turai

Gabatarwa

Duk manazarcin da ya taɓa shirya tsohuwar waƙar ajami domin ɗab'i ya san wata matsala. Kwafe-kwafen da ke hannunsa sun saɓa wa juna, masu kwafa sun yi ƙari, gara ta ci wani shafi, kuma tilas ya yanke hukunci a kan wanda zai kira asali. Irin wannan matsala ce ta ja hankalinmu zuwa ga fagen gine-gine. Manufar wannan takarda ita ce mu dubi gidaje uku da aka gina a Turai tsakanin 1926 da 1931, waɗanda suka lalace aka sake gyara su, mu ga wane zamani na rayuwarsu masu gyaran suka zaɓa, da kuma abin da aka yi asara a wajen zaɓin.

Salon Ginin

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya wasu masu zanen gini suka juya wa ado da ƙawa baya. Kankare da rodi da gilashi sun ba su damar ɗora nauyin gida a kan ginshiƙai, bango ya zama shamaki kawai. Daga nan aka sami rufi shimfiɗaɗɗe, da dogayen tagogi, da ɗakuna masu buɗewa cikin juna. Sai dai dabarun sababbi ne, ba a gwada su da ruwa da sanyi na shekaru ba, don haka gidajen suka tsufa da wuri.

Gidan Savoye

Le Corbusier ne ya zana wannan gida a garin Poissy kusa da Faris, aka gina shi daga 1928 zuwa 1931. A hoto kamar farin akwati yake, tsaye a kan siraran ginshiƙai. A zahiri kuwa rufinsa ya yi ta yoyo, uwargidan ta yi ta aika wa mai zanen wasiƙun koke a kan ruwa da sanyi. Iyalin sun bar gidan a 1940. Sojojin Jamus suka shiga, na Amurka suka biyo baya, daga bisani har ciyawa aka riƙa tarawa a ciki. Da hukumar garin ta karɓe filin a 1958 domin gina makaranta, sai masu zanen gini daga ƙasashe da yawa suka yi ca, ministan al'adu André Malraux ya sa baki, aka sanya gidan cikin kayan tarihin ƙasa a 1965. An yi masa babban gyara daga 1985 zuwa 1997, kuma UNESCO ta lissafa shi cikin kayan tarihin duniya a 2016.

Mai ziyara yana tarar da ɗakuna fes, kusan babu kaya. A ganinmu abin da aka farfaɗo da shi tunanin mai zane ne. Koken matar da ta zauna cikin ɗigar ruwa, wanda shi ne tarke na farko kuma mafi gaskiya da aka yi wa gidan, bangon bai riƙe alamarsa ba.

Gidan Tugendhat

Wannan yana birnin Brno, zanen Mies van der Rohe ne, an kammala shi a 1930. Masu shi Yahudawa ne, shekara takwas kacal suka yi a ciki suka tsere a 1938. 'Yan sandan asirin Nazi suka ƙwace shi, a 1945 kuma sojojin Rasha suka ɗaure dawaki a cikinsa. Bayan yaƙi ya zama makarantar rawa, sannan wurin jiyyar yara masu lalurar ƙashin baya. A nan ne kuma aka yi zaman raba ƙasar Czechoslovakia gida biyu a 1992.

Sau biyu aka gyara shi. Gyaran 1981 zuwa 1985 ya tsayar da lalacewa, amma ya musanya wasu kayan asali da na zamaninsa. Na 2010 zuwa 2012 ya fi bin diddigi. A lokacinsa ne aka gano katakon bangon nan mai lanƙwasa na wurin cin abinci, wanda ya ɓace tun zamanin yaƙi, manne a ɗakin cin abincin tsangayar shari'a ta jami'ar birnin, aka mayar da shi mazauninsa. Wannan aiki ya cancanci yabo, domin kamar a tsinci ɓataccen baiti ne a kundin wani malami. Duk da haka, shekarun da yara marasa lafiya suka yi a gidan sun ninka na masu shi, kuma ba su aka tuna ba a wajen gyaran.

Gidan E-1027

A nan matsalar ta fi fitowa fili. Eileen Gray, 'yar ƙasar Ayalan, ita ta tsara gidan a bakin teku a kudancin Faransa, aka gama shi a 1929. Bayan ta bar wurin, Le Corbusier ya zo baƙunci a 1938 da 1939, ya zana manyan hotuna masu launi a bangayen da ta bari fili, ba da yardarta ba. Masu gyaran da ya kammala a 2021 sun nufi mayar da gidan yadda yake a 1929, amma hotunan sun riga sun shiga ƙarƙashin kariyar doka, ba su gogewa. Ke nan ƙarin da baƙo ya yi ya tsira saboda girman sunansa. Da wani maras suna ne ya yi zanen, da wuya a yi dogon shawara kafin a shafe shi da farin fenti.

Kammalawa

Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta shata wa masu gyara iyaka biyu: su tsaya a inda zato ya fara, kuma su mutunta gudummawar kowane zamani. Gidajen nan uku sun nuna an kiyaye ta farko fiye da ta biyu, kuma zamanin da ake mutuntawa shi ne wanda ke da shahararren suna a bayansa. Ba mu ce a bar rufi yana yoyo ko a dawo da dawaki falo ba. Abin da muke nema ga mai gyara shi ne abin da muke nema ga ɗalibin da ke shirya matani: ya zaɓi kwafin da zai dogara da shi, ya faɗi dalilinsa, ya kuma bar wa mai zuwa alamar abin da ya ajiye gefe. Idan ya gyara ya ɓoye sawunsa, na baya za su ɗauki hukuncinsa a matsayin asali, alhali zaɓi ne da wani mutum ya yi a wata shekara.