Waƙa Ta Yi Suna, Gidanta Bai Ginu Ba: Sharhi Kan Kamfanonin Naɗar Waƙa A Ƙasar Hausa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Dambatta ko ta Bichi ya san rumfar da muke nufi. Saurayi ne zaune da ɗan teburinsa da kwamfuta da lasifika tana ta amo, samari da magidanta sun yi masa zobe, kowa da wayarsa a hannu. Wannan ya ce a tura masa Shata, wancan ya ce Ɗanƙwairo, wani kuma waƙoƙin fim ko na bege yake so. Mutum ya biya 'yan kuɗi kaɗan, a cika masa memori, ya hau babur ya koma gida. Gobe da sassafe waƙar tana aljihunsa yana huɗa, ko yana ban-ruwa a bakin madatsar Tomas ko ta Watari. Ciniki ya faɗa, mai saye da mai sayarwa sun rabu lafiya. Sai dai akwai waɗanda aka yi rabon ba da su ba, wato mawaƙin da makaɗansa da 'yan amshinsa, da kuma magadansu idan sun riga mu gidan gaskiya.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi tambaya a wannan fitowar: me ya sa ƙasar da ta haifi Alhaji Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da Barmani Choge take da wuya ta nuna kamfanin naɗar waƙa nata na kanta, wanda ya tara mawaƙa da yawa, ya adana ayyukansu, ya kuma ci gaba da rayuwa bayan wanda ya kafa shi? Tambayar ta shafe mu marubuta kai tsaye, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Daga Garmaho Zuwa Kaset

A zamanin faifan garmaho, kamfanonin da ke naɗar waƙa a Nijeriya na Turawa ne, kuma mazauninsu Legas. Kamfanin EMI na Ingila yana cikin waɗanda suka fitar da fayafayan mawaƙan Hausa irin su Shata. Amma faifai kayan birni ne. Yana da tsada, rana tana lanƙwasa shi, kuma sai mai hali ke da na'urar juya shi. Manomin Kunci ko na Makoɗa a rediyo yake jin waƙa, musamman bayan da aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. Saboda haka tun farko ma'ajiyar waƙar Hausa ta gaskiya ɗakunan ajiyar gidajen rediyo ce, kuma gidan rediyo ba kasuwanci da waƙa aka kafa shi ya yi ba.

Kaset ne ya sauya al'amarin. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, sannan kamfanonin Japan suka cika duniya da rakoda mai araha mai aiki da batir. Da kuɗin mai suka shigo a shekarun 1970, rakoda ta shiga kayan ɗakin amarya, ta hau teburin mai shayi, ta shiga motar haya. Abin da ya bambanta kaset da faifai shi ne kowa yana iya kwafarsa. Mai rakoda biyu ya zama kamfani. Kafin a ankara, manyan kamfanonin Turawa sun tattara nasu ya nasu sun bar wa 'yan ƙasa: reshen EMI ya koma Ivory Music, na Polygram ya koma Premier. A can Kudu an samu waɗanda suka gaji fayafayan asali da takardun yarjejeniya, an kuma samu irin su Tabansi da suka kafa nasu. A nan Arewa kuwa harkar ta faɗa hannun 'yan kasuwa masu kwafa, kuma Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiyarsu.

Ba za mu yi wa waɗannan 'yan kasuwa rashin adalci ba. Su ne suka kai waƙar Hausa inda babu kamfanin Bature da ya taɓa tunanin kai ta, daga ƙauyukan Ɓagwai da Tsanyawa har Maraɗi da Agadas da zangunan Gana. Sun ƙware a rarrabawa, sun san bashi da amana. Abin da ba su yi ba shi ne ɗaukar mawaƙi su raine shi, su ajiye kaset ɗin asali da suna da kwanan wata, su riƙa biyansa gwargwadon abin da aka sayar.

Zamanin Fiyano

Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara da Turmin Danya a 1990, kuma ba a daɗe ba waƙa ta zama gishirinsa. A tsakiyar shekarun 1990 sitidiyon Iyan-Tama na Alhaji Hamisu Lamiɗo a Kano ya kawo fiyano ƙirar Yamaha, wadda mutum ɗaya zai zauna ya fitar da sautin ganga da sarewa da garaya daga cikinta. Da fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito wajen shekarar 2000, waƙarsa ta game gari da ƙauye, sai sitidiyo suka yi ta tsirowa a Kano kamar ciyawar farkon damina.

A nan ne, a ganinmu, aka yi asarar babbar dama. An samu wurin naɗa na gida, an samu matasa masu murya, maza da mata, an samu kasuwa mai faɗi. Amma mafi yawan sitidiyon nan ɗakin haya ne kawai: ka zo da waƙarka, ka biya mai kiɗa, ka ɗauki abinka ka tafi. Mawaƙi kuma sau ɗaya ake sallamarsa, ko waƙar ta yi shekara goma ana jin ta. Tsarin sayar da fim ɗin kansa ya nuna inda ƙarfi yake, domin kuwa furodusa kwali yake bugawa ya sayar wa dillalai, su kuma su kwafa a kan kaset ɗinsu su sa a ciki. Wanda ya riƙe na'urar kwafa shi ya riƙe wuƙa da nama.

Daga baya wasu mawaƙa sun farga sun kafa nasu gidajen. Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Taskar Ala ta Aminu Ladan Abubakar, wanda ɗan'uwanmu marubuci ne da ya fitar da littattafai kafin waƙa ta yi masa suna. Ko sunan gidan kaɗai ya nuna an gane cewa waƙa dukiya ce ta ajiyewa. Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo. Sai dai irin waɗannan gidaje galibi a kan sunan mutum guda suka ginu, kuma jarrabawarsu ta gaskiya ita ce ranar da mai gidan ya ajiye makirfo.

Wani Misali Daga Japan

Domin kada a ce abin da muke nema sai wanda ya gaji dukiya, bari mu leƙa Japan, ƙasar da ta ƙera mana rakoda da fiyanon. Akwai kamfanin waƙa a can mai suna Avex. Jagoransa Masato Matsuura ya fara ne da aiki a shagon hayar fayafayi, irin dai shagunan hayar kaset da littattafai da muka sani a unguwanninmu. A 1988 shi da abokansa suka buɗe kamfanin sarin fayafayan kiɗan rawa daga ƙasashen waje a garin Machida da ke yankin Tokiyo. Wato dillalai ne, kamar na Ƙofar Wambai.

Bambancin ya fara ne a 1990, lokacin da suka buɗe sashen naɗa nasu na kansu, Avex Trax, suka shiga fitar da jerin fayafayan Super Eurobeat, na kiɗan da ake haɗawa a Italiya, bisa yarjejeniya da masu shi. Ribar da suka samu suka zuba a kan mawaƙan gida. Ƙungiyar TRF ta fito a 1993 ƙarƙashin mai haɗa kiɗa Tetsuya Komuro, Namie Amuro ta dawo kamfanin a 1995, Ayumi Hamasaki ta fitar da waƙarta ta farko a wurinsu a 1998. Kafin shekarun 1990 su ƙare, hannun jarin kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari ta Tokiyo. A 2004 rikici ya ɓarke tsakanin shugabanninsa har Matsuura ya ajiye aiki, amma da Hamasaki da wasu mawaƙa suka nuna za su bi shi, sai aka dawo da shi, shugaban kamfanin na lokacin, Tom Yoda, ya sauka. Mawaƙiya ta iya girgiza kamfani saboda kowa ya san a rubuce nawa muryarta take kawowa.

Ba muna cewa Kano ta zama Tokiyo ba ne. Can akwai wutar lantarki, akwai doka mai haƙori, kuma mai saye yana da kuɗi a aljihu. Nan ma akwai doka, tun Dokar Haƙƙin Mallaka ta 1988 har sabuwar da aka sa wa hannu a 2023, amma ba ta taɓa isa rumfar mai tura waƙa ba. Darasin da muka ɗauka ɗaya ne: dillalin Japan ya ɗauki ribar kayan wasu ya gina taskar kansa, dillalinmu kuwa ya ci ribar, da kaset da faifan sidi suka mutu a hannun waya da memori, sai ya koma sayar da wata hajar.

Abin Da Ƙauye Ya Bayar

Mu dawo gida. Karkarar da ke arewacin Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Gona ba ta hutawa, shekara da shekaru ana noma ta, kuma abin da ya riƙe ta shi ne musaya tsakaninta da birni: jaki ya kai itace da hatsi, ya dawo da taki. Kakanninmu sun san in ana ɗiba ba a mayarwa, ƙasa mutuwa take yi.

A harkar waƙa an yi ta ɗiba ba a mayar ba. Mutanen Minjibir da Gezawa da Dawakin Tofa sun sayi kaset, sun sayi batir, sun sayi faifai, yanzu suna biyan kuɗin turawa. Amma waƙoƙinsu na kansu fa? Kiɗan gangar noma da ake yi wa gayya, inda makaɗi ke bin sahun manoma yana zuga gwani da kirarinsa har ya fitar da kunya kafin kowa. Waƙoƙin daka da lugude, da na niƙa, da na gaɗa a dandali, da shantu a ɗakin amarya, da kiɗan kalankuwa bayan an kai amfani gida. Injin niƙa ya kashe waƙar dutse, aikin ƙwadago da garmar shanu sun rage gayya, dandali ya watse ya koma kallon waya. Waɗanda suka riƙe waɗannan waƙoƙi a ka tsofaffi ne, kuma kullum raguwa suke yi. Sitidiyon birni bai je ya naɗe su ba saboda mai sitidiyo yana jiran wanda zai zo ya biya shi ne. Kamfanin da ke tunanin shekara talatin gaba ne kaɗai zai ga riba a muryar tsohuwa mai daka.

Ko manyan da suka yi suna ba su tsira ba. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya a 2015. Je ka rumfar turawa ka ga yadda aka yi da su: waƙa babu kai babu gindi, an kwafa daga kwafi har sauti ya dushe, an laƙaba mata sunan da mai kwamfuta ya ga dama, wani lokaci ma a jingina ta ga mawaƙin da ba shi ya yi ta ba.

Ina Ruwan Marubuci?

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya sa yaro yake iya sayen Magana Jari Ce shekaru da dama bayan rasuwar Alhaji Abubakar Imam shi ne littafin ya samu gida a Zariya, daga Kamfanin Gaskiya zuwa NNPC da aka kafa a 1966. To, littattafanmu na shekarun 1990 fa, waɗanda muka buga da kuɗin aljihunmu muka kai wa dillalai a Bata da Sabon Gari? Nawa ne daga cikinsu marubucin kansa yake da kwafi a yau? Tafarkin mawaƙan fim muka bi sak: mun buga, mun kai kasuwa, an sallame mu, ba mu gina taska ba. Yanzu kuma labarai suna yawo a waya ana karanta su a murya, sau da yawa ba tare da an nemi izinin mai su ba.

Saboda haka muna ba ƙungiya da membobinta shawarwari uku. Na farko, kada marubuci ya ba da labari ko baitin waƙa ga furodusa ko mawaƙi sai da takarda mai sa hannu da shaidu, wadda ta faɗi ko sayarwa ce ko aro, da kuma na tsawon wane lokaci. Na biyu, ƙungiya ta buɗe taska, kowane memba ya ajiye kwafin kowane aiki nasa da shekarar da ya fito. Na uku, matasa masu sha'awar rubutu da suka fito daga ƙauyukan nan, wayar da ke hannunku ta fi na'urar da aka naɗi Shata da ita a farkon tashensa. Ku nemi izinin iyayenmu mata da tsofaffin makaɗan noma ku naɗe su, ku rubuta sunan mai waƙa da garinsa da ranar da aka ɗauka, ku kawo a ajiye. Aikin masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan makaɗa da mawaƙa ya nuna cewa alƙalami ne ke ceton murya idan kasuwa ta juya mata baya.

Kammalawa

Ƙasar Hausa ba ta taɓa rasa mawaƙa ba, ba ta kuma rasa masu saurare ba. Abin da ta rasa shi ne gidan da zai tsaya tsakaninsu da amana, ya ajiye, ya lissafa, ya biya. Mawaƙa sun riga sun ga sakamakon rashinsa, mu kuma muna kan hanya. Muna fata 'yan'uwa za su aiko da nasu ra'ayin domin fitowa ta gaba, musamman waɗanda suka yi aiki a sitidiyo ko a kasuwar kaset. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu dace.