Kiran Matiyu: Zanen da Ido Ba Ya Ƙoshi da Shi

A cikin dukan zane-zanen addini da Kiristocin Turai suka yi da fentin mai, babu wanda ya kama zuciyata kamar Kiran Matiyu na Caravaggio. Kai, mutumin nan ya iya! Ya zana shi tsakanin 1599 da 1600, bai ma cika shekara 30 ba, kuma har yau zanen yana nan a bangon da aka yi shi dominsa, a cocin Faransawa na San Luigi da ke birnin Rum.

Labarin gajere ne a Linjila. Yesu ya tarar da Matiyu a wurin karɓar haraji, ya kira shi, shi kuwa ya tashi ya bi shi. To, dubi yadda gwanin ya sarrafa shi. Ɗaki ne mai duhu, mutum biyar sun kewaye tebur ana ƙirgar kuɗi. Samari biyu sun ci ado, har da hula mai gashin tsuntsu, irin shigar zamanin mai zanen. Wani dattijo ya dafe tabarau yana leƙen tsaba. Can a gefen dama sai ga Yesu da almajirinsa Bitrus, ƙafa ba takalmi, Bitrus ma ya tare rabin jikin Yesu. Babu mala'iku, babu gajimare, babu ƙyalƙyalin zinariya.

Hasken nan shi ne ya gama da ni. Akwai taga a bangon, amma ba ta nan ya shigo ba. Daga saman kan Yesu ya keto, ya bi hannunsa da ya miƙa, ya sauka kan fuskokin masu kuɗin ɗaya bayan ɗaya. Hannun kuwa, a sake yake, ba tsawa ba tilas, kamar hannun Adamu da Michelangelo ya zana a rufin ɗakin ibada na Sistina. Biyu daga cikin mutanen ko ɗaga kai ba su yi ba, kuɗi ya ɗauke musu hankali.

Masana na ta muhawara a kan wane ne Matiyu: mai gemun da ya ɗaga yatsa cikin mamaki, ko saurayin da ya sunkuyar da kai. Ni dai mai gemun nake gani. Hannu ɗaya yana nuna ƙirjinsa, ɗayan bai rabu da kuɗin ba tukuna. Wane mai zane ne ya taɓa kama zuciyar ɗan Adam tana kai-kawo haka? Ba mamaki Paparoma Francis ya ce a 2013 ya sha zuwa cocin don ya tsaya gaban zanen.

Idan Allah ya kai ka Rum, kada ka kuskura ka wuce shi. Shiga cocin kyauta ne, sai dai ka riƙe 'yan tsaba na kunna fitilar da ke haska zanen.