Likita Horton, Ɗan Bawa, da Littafinsa

A cikin shekarar 1868 aka buga wani littafi a London da Turanci, sunansa West African Countries and Peoples, watau ƙasashen Afirka ta Yamma da mutanensu. Wanda ya wallafa shi baƙar fata ne, likitan soja, ana ce da shi James Africanus Horton. Ba a fahimtar littafin nan sai an san asalin mai shi, gama ƙarfinsa da rauninsa duk daga can suka fito.

Iyayen Horton mutanen ƙasar Ibo ne. An kama su bayi, aka zuba su cikin jirgin ruwa za a haye teku da su. To, tun 1807 Ingilishi suka hana fataucin bayi, jiragensu na yaƙi suna tare masu yinsa. Aka ƙwato su, aka sauke su a Saliyo, ƙasar da ba tasu ba. A nan aka haifi Horton cikin 1835, a ƙauyen Gloucester kusa da Freetown. Ya yi karatu wurin 'yan mishan, ya shiga makarantar Fourah Bay. A 1855 hukumar soja ta aika da shi Ingila koyon likitanci, ya gama a Edinburgh cikin 1859. Shi da kansa ya ƙara wa sunansa Africanus, watau mutumin Afirka, don kada a yi shakkar inda ya fito.

Da ya komo aka tura shi Gwalkwas, wadda ake kira Ghana tun 1957. Ya yi aiki cikin yaƙin Turawa da Tonawa, watau Ashanti, na 1863, da kuma na 1873 zuwa 1874, wanda aka ƙone Kumasi. A yaƙin nan na biyu har da sojan Hausawa waɗanda Kyaftin Glover ya tara. Horton ya bar soja a 1880, ya rasu a Freetown cikin 1883.

Abin da ya sa ya ɗauki alƙalami abu biyu ne. Na farko, wasu masana na London, irin su Richard Burton da James Hunt, suna yaɗa cewa baƙar fata ƙasƙantacce ne tun daga halitta. Na biyu, a 1865 wani kwamiti na Majalisar Ingila ya ba da shawara a shirya mutanen bakin teku su riƙe mulkin kansu.

Kashin farko na littafin, inda ya amsa wa masanan nan, shi ne ya fi kyau. Bai yi zage-zage ba. Ya bi maganarsu ɗaya bayan ɗaya da ilmin jikin mutum, wanda ya sani sarai, ya kuma kawo shaidar tarihi. Ya nuna bambancin al'umma da al'umma na dama ne da tarbiyya, ba na jini ba. Babbar shaidarsa kuwa ita ce shi kansa. Ga ɗan wanda aka ɗaure cikin jirgin bayi yana yi wa Turawa magani. Gani ya kori ji.

A sauran littafin ya tsara yadda Gambiya, da Saliyo, da Gwalkwas, da Ikko, da ƙasar Ibo za su yi mulkin kai, ya kuma nemi a kafa jami'a a Afirka ta Yamma. Hangen nesansa abin yabo ne, domin sai a 1948 aka buɗe kwalejin jami'a a Badun, Nijeriya kuma ba ta sami mulkin kai ba sai 1960.

Amma a nan ne kuma rauninsa yake. Wanda aka raba iyayensa da garinsu, ya tashi a hannun mishan, mudun Ingila kaɗai ya iske ana awo da shi. Saboda haka a wurinsa ci gaba shi ne addinin Kirista, da makarantar Turawa, da inuwar tutar Ingila. Hankalinsa duka yana bakin teku. Alhali a zamanin nan akwai daular Sakkwato, da sarakuna, da alƙalai, da malamai masu wallafa littattafai, ba wanda ya jira Bature ya koya musu riƙon ƙasa. Fataken Kano kuma sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goron Tonawa. Mutanen Ƙofa da Kiru ba sa bukatar a gaya musu wannan, gama a Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata cikin 1877, a gidan fataken goro, shi ma ya bi hanyar nan har Ankara ta bakin teku. Da Horton ya ba irin waɗannan hujjoji wurin da ya kamace su, da amsarsa ga Burton ta fi ƙarfi, domin da ya nuna abin da mutanen Afirka suka gina da kansu, ba abin da suka koya daga baƙo kaɗai ba.

Akwai kuma wata wuya da bai warware ba. Yana kiran a ba baƙar fata mulkin kai, ga shi kuwa sanye da kayan sojan da ke yaƙar wata daular baƙar fata. Ya amince Ingilishi za su raini ƙasashen nan sa'an nan su janye. Ba haka aka yi ba. A 1874 suka mai da Gwalkwas ƙasar mallakarsu, a 1903 kuma suka ci Kano da Sakkwato.

Duk da haka littafin ya cancanci a san shi. Wanda ya fita yaƙi da jahilci ya iya karatu zai sami darasi biyu a ciki. Ilmi ya isa ya tashi ɗan bawa ya yi jayayya da masanan London. Sai dai mai ilmin baƙo, in bai nemi sanin na gida ba, da ido ɗaya zai riƙa duban ƙasarsa.